Jikin Ɗan Adam, Ma'aunin Magini

Jawabin Magatakardan Liman a Ranar Aza Harsashi

 

    

Malam ne ya umurce mu da yin wannan bayani, ga kuwa dalili. Tun ranar da aka kafa takardar fasalin masallacin nan a zaurensa domin kowa ya gani, maganganu suke ta iso mana. Wani ya ce daɓen ya yi ƙasa, kamata ya yi a ɗaga shi a yi masa matakala masu yawa, yadda mai wucewa zai hango shi daga nesa. Wani ya ce ginshiƙan ciki sun yi kaɗan, kuma sun yi siranta. Wani kuma ya ce me zai hana a jera manyan al'amudai a bakin ƙofa, irin waɗanda ake gani a kotunan ƙasashen Turawa? Ƙaunar ɗakin Allah ce ta sa suka faɗi haka, mafi yawansu ma da dukiyarsu a cikin aikin. Wanda ya sa kuɗinsa kuwa yana da hakkin a amsa masa tun harsashi bai rufu ba, gama gyaran gini a takarda ya fi sauƙi bisa gyaransa bayan siminti ya kama. To, amsar tana da dogon tarihi, sai ku yi mana haƙuri mu ɗauko ta daga tushe.

Awo ya faro daga jiki

Da safen nan kun ga magina sun kafa turaku, sun ja igiya, sun fito da tef ɗin awo. Kakanninmu ba su da tef, amma ba su rasa ma'auni ba, domin kowa yana yawo da nasa a jikinsa. Mai sayar da saƙi yana awo da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mai haƙar rijiya yana ƙidayar zurfinta da gaba. Ga taƙi, ga taki. Haka abin yake a sauran duniya. Misirawan dauri suna da zira'in sarauta, kimanin santimita 52, wanda suka raba tafi 7, kowane tafi yatsu 4, da shi kuma aka auna manyan dalolinsu. A tsibirin Rauda cikin Alƙahira har yau akwai ma'aunin ruwan Kogin Nilu da aka gina a shekara ta 861, zamanin Halifa Mutawakkil: ginshiƙi ne a tsakiyar rijiya, an yi masa tsaga zira'i-zira'i.

Amma yin awo da jiki daban, mai da jiki abin koyi ga fasalin gini gaba ɗaya kuma daban. Wannan na biyun Yunanawa ne suka yi fice da shi, Rumawa suka gada daga gare su. Mun san mutanen nan gumaka suke bauta wa, kuma mafi kyawun gine-ginensu ɗakunan gumaka ne. Sana'arsu kaɗai muke dubawa, yadda malamanmu na farko a Bagadaza suka fassara lissafin Uƙlidis suka amfana da shi ba tare da sun ɗauki addinin mai shi ba.

Abin da Bitrubiyus ya rubuta

A zamanin Sarkin Rum Agustus, shekaru kaɗan kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wani magini kuma injiniyan soja mai suna Bitrubiyus ya tattara ilmin gini cikin littafi mai kashi 10. Shi kaɗai ne cikakken littafin gini da ya tsira daga wannan zamani. A kashi na 3 ya zauna ya kasafta jikin mutum kamar mai rabon gado. Ya ce fuska, daga haɓa zuwa matsirar gashi, ushirin tsawon mutum ce, watau kashi 1 cikin 10. Tafin hannu, daga wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya, shi ma ushiri ne. Kai, daga haɓa zuwa tsakar ka, sumuni ne. Tafin ƙafa sudusi, kamu kuwa rubu'i. Ya ƙara da cewa idan mutum ya kwanta rigingine ya ware hannuwa da ƙafafu, aka kafa tsinin abin zana da'ira a cibiyarsa, da'irar za ta shafi yatsun hannunsa da na ƙafarsa. Kuma gabansa daidai take da tsayinsa, har ya shiga cikin murabba'i cif. Wanda yake shakka ya gwada a jikin bango idan ya koma gida. Ba kowa ne zai fito daidai ba, amma zai yi mamakin kusancin.

Darasin da ya ciro shi ne wannan: babu gaɓar da take da girman kanta ita kaɗai, kowace tana da rabonta daga tsawon jiki duka, shi ya sa ido yake hutawa idan ya dubi mutum mai kyawun ƙira. Saboda haka magini ma ya zaɓi awo guda, ya fitar da sauran daga gare shi. Awon da suka zaɓa shi ne kaurin ginshiƙi a gindinsa. Da zarar an yanke wannan, tsawon ginshiƙi, da tazararsa da ɗan'uwansa, da kaurin abin da zai ɗauka, duk sun yanku.

Daga nan ginshiƙansu iri uku suka fito. Na Doriyawa, in ji shi, an ɗauko shi daga namiji: tun da ƙafa sudusin tsayi ce, sai aka yi tsawonsa ninki 6 na kaurinsa, kakkaura, ba ado. Na Ayoniyawa an ɗauko shi daga mace, ninki 8, da naɗi biyu a kansa kamar lanƙwasar gashi, da tsaga-tsaga a jikinsa kamar ninkin tufa. Na Korinti kuwa siffar budurwa ce, siriri, kansa lulluɓe da ganye. Ya ba da labari cewa wata yarinya ce ta rasu a birnin Korinti, mai renonta ta aza kwandon kayanta a kan kabarin ta rufe da fale-falen dutse, wani tsiro mai faffaɗan ganye ya fito ya kewaye kwandon, wani masassaƙi ya gani ya kwaikwaya. Daga baya magina suka ƙara wa ginshiƙan tsawo kaɗan, amma ƙa'idar ba ta sake ba.

Akwai wurare biyu a littafin da suka fi jan hankalinmu, domin a nan ne muke ganin yana tunanin mai shiga ginin. Ya soki masu matse ginshiƙai kusa da juna, ya ce matan gari idan sun zo ba sa iya wucewa a tsakaninsu riƙe da hannun juna, sai ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi tazarar kauri 2 da kwata. Ya kuma ce matakala su zama mara, ba cika ba, domin wanda ya fara hawa da ƙafar dama ya ƙare da ita a sama. Mu da aka koya mana shiga masallaci da dama, wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Fartinon da darasinta

Ginin da ya fi nuna wannan ilmi shi ne Fartinon, a kan dutsen birnin Atina, wanda aka fara a shekara ta 447 aka gama a 432 kafin haihuwar Annabi Isa. Faɗinsa kusan mita 31, tsawonsa mita 69 da rabi, ginshiƙai 8 a gaba, 17 a gefe. Idan ka gwada faɗi da tsawo, 4 ne bisa 9. Idan ka gwada kaurin ginshiƙi da tazarar tsakiyarsa zuwa tsakiyar na kusa, 4 bisa 9 ne kuma. Sannan maginan sun san idon mutum yana ruɗuwa: dogon layi miƙaƙƙe yakan zama kamar ya lotsa. Sai suka ɗan tuda daɓen a tsakiya, suka ɗan kumbura cikin ginshiƙan, suka karkata su ciki kaɗan, domin mai kallo ya ga komai a miƙe.

Amma ga abin lura. Matakala uku da ginin yake zaune a kansu, kowace kusan rabin mita ce, domin an auna su da girman ginin ne, an manta da ƙafar mai hawa. Dole aka saƙala ƙananan matakala a tsakani kafin mutane su iya hawa. Ashe gini yana iya ɗaukar siffar jikin mutum, ya kuma fi ƙarfin mutum. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi. Ginin nan ya zama coci daga baya, sannan ya zama masallaci har da hasumiya bayan Turkawa sun ci Atina a tsakiyar ƙarni na 15. A 1687 harsashin igwar mayaƙan Benis ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki, ya tarwatsa tsakiyarsa.

Rumawa sun ƙara baka da ƙubba a kan abin da suka gada. A birnin Roma akwai Fantiyon, wanda aka gama wajen shekara ta 125. Faɗin ƙubbarsa mita 43, tsayinta daga ƙasa mita 43, watau da'ira da murabba'in Bitrubiyus ne suka zama ɗaki. Har yau babu ƙubbar kankare marar rodi da ta fi ta faɗi.

Yadda Musulmi suka karɓi ginshiƙan

Sa'ad da Musulunci ya isa Sham da Afirka ta Arewa da Andalus, ya tarar da ginshiƙan Rumawa, wasu a tsaye wasu a zube. Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina masallacin Dimashƙa tsakanin 706 da 715 da ginshiƙai masu kan ganye irin na Korinti. Masallacin Ƙairawan, garin Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa a 670 aka sake gina shi a 836, yana da ginshiƙai fiye da 400 a ɗakin sallarsa, an ɗebo da yawansu daga kufan garuruwan Rumawa.

Sai dai buƙata ta bambanta. A wurin Yunanawa gunki ne a cikin ɗaki, jama'a suna tsaye a waje, saboda haka adon ginshiƙai na waje ne, domin mai kallo. A masallaci kuwa jama'a ce a ciki. Sai ginshiƙai suka koma ciki, ma'auni kuma ya tashi daga kaurin ginshiƙi ya koma sahu, watau kafaɗar mutum da wurin sujadarsa. A Ƙurɗuba, inda Abdurrahman na Ɗaya ya fara gini wajen 785, ginshiƙan da aka samu gajeru ne, da an aza rufi a kansu kai tsaye da ɗakin ya danne mutane. Maginan suka ɗora baka a kan baka, hawa biyu, rufi ya yi sama, ginshiƙan suka zauna sirara ba su tare wa kowa gani ba. Fiye da 850 suna nan tsaye, ko da yake ginin ya zama coci tun 1236.

A ƙasar Turkawa kuma, babban magini Sinan ya yi shekaru yana nazarin Aya Sofiya, wadda Rumawan gabas suka gama a 537. A masallacin Salimiyya na birnin Adirna, wanda aka kammala wajen 1575, ya aza ƙubba mai faɗin mita 31 a kan ginshiƙai 8 kacal, ya tura su gefe kusa da bango, tsakiya ta zama fili. Duk girman nan, manufarsa ita ce sahu ya miƙe, mamu ya ga liman.

Komawar Turawa ga tsohon littafi

A farkon ƙarni na 15 malaman Italiya suka sake tono littafin Bitrubiyus daga ɗakunan ajiyar littattafai, aka buga shi a Roma wajen 1486. Wajen 1490 Liyonado da Binci ya zana mutumin nan mai hannuwa a ware cikin da'ira da murabba'i. Da ya gwada da jikin mutane na gaske, sai ya ga cibiya tsakiyar da'ira ce kawai, tsakiyar murabba'i tana ƙasa da ita, ya gyara. Zanen yana Benis, kuma shi ne a bayan kwabon yuro ɗaya na Italiya. A 1570 wani magini mai suna Faladiyo ya buga littafinsa mai kashi 4 da zane-zane da awo, wanda kowane magini zai iya bi. Ta hanyarsa fasalin ya shiga Ingila, ya haye Amurka. Ginshiƙan gidan tarihi na Biritaniya a Landan irin na Ayoniyawa ne, haka na fadar shugaban Amurka. Na Kotun Ƙolin Amurka, wadda aka gama a 1935, irin na Korinti ne.

To, a nan ne abin ya fara juyawa. Bankuna da kotuna da fadojin mulki sun ɗauki ginshiƙan domin kwarjini, suka kumbura su, suka ɗora su a kan tudun matakala, domin mai shiga ya ji shi ƙarami ne. Siffar ta rage, dalilinta ya tafi. Har ta kai yau ana zuba irinsu da siminti a manna a gaban gida, ba su ɗauke da komai.

Awo ma ya rabu da jiki. A shekarun 1790 Faransa ta ƙirƙiro mita, wadda aka ɗauko daga girman duniya, kashi 1 cikin miliyan 10 na nisan ƙuryar arewa zuwa tsakiyarta. Mita tana da amfani, gama ba ta bambanta tsakanin dogo da gajere, amma ba ta gaya wa magini komai game da mai zama a ɗakin. Wannan ya dami wani magini a Faransa, Le Korbuziye, har a 1948 ya fitar da sabon ma'auni da ya gina a kan mutum mai tsawon mita 1.83, wanda idan ya ɗaga hannu ya kai mita 2.26. Da shi ya auna wani babban benen gidaje a birnin Marsai da aka gama a 1952. Ya yi ƙoƙari, amma an soke shi da suka mai gaskiya: mutuminsa dogon namiji ne lafiyayye. Ina tsohuwa? Ina yaro? Ina gurgu? Daga Bitrubiyus har zuwa gare shi, jikin da ake aunawa na ƙaƙƙarfa ne.

Abin da ya shafe mu

Jama'a, yanzu mu komo gida da tambayoyin nan uku.

Game da ginshiƙan ciki: masu fasalin masallatai suna ba kowane mai salla faɗin santimita 60 da tsawon santimita 120. Wannan shi ne awon da sauran suke fita daga gare shi. Bangon alƙibla mai mita 30 zai ɗauki mutum 50 a sahu, sahu 20 kuma suna buƙatar mita 24, mutum 1,000 ke nan. Duk ginshiƙin da aka ƙara ya ci wurin mutum, idan ya faɗo ba bisa layi ba kuma ya yanke sahu, alhali malaman fiƙihunmu sun karhanta sahu tsakanin ginshiƙai in ba da lalura ba. Shi ya sa muka roƙi injiniya ya rage su iyakar abin da rufi zai jure, ya kuma sa tazararsu ta faɗa daidai kan layin sahu.

Game da tudun daɓe: ku tuna matakalar Fartinon. Ku dubi sahun farko na sallar Asuba, su wane ne a ciki? Dattawa ne masu sanda, waɗanda gwiwa ta fara gajiya. Su ne ma'auninmu. An ɗaga daɓen gwargwadon abin da zai tsare shi daga ruwan damina. Matakala 3 ne, kowace ba ta wuce santimita 15 ba, a gefe kuma da gangara mai sauƙi domin mai keke, wadda take tashi kashi 1 cikin kowane 12 na tsawonta. Haka wurin alwala: mazauni daidai gwiwa, famfo daidai hannu, ɓangaren mata da ƙofarsa da awo iri ɗaya.

Game da al'amudan ƙofa: mun ji inda suka fito, mun kuma ji abin da suka zama. Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da aka gina a Madina a shekarar Hijira, bangonsa tubali ne, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, har ruwan sama yakan zubo. Ba mu ce a koma ga wannan ba, kyawun gini abin so ne, kuma in Allah ya yarda wannan zai yi kyau. Kyawunsa zai fito daga daidaiton tagogi da ƙofofi da tsayin rufi, kowane da rabonsa daga awo guda, kamar yadda fuska da hannu suke da rabonsu daga jiki. Muna roƙon 'yan'uwan da suka yi niyyar ɗaukar nauyin al'amudan da su yarda a juya kuɗin zuwa rumfar haraba da rijiyar burtsatse, inda mai tsayuwa a rana ranar Juma'a zai yi musu addu'a. Wanda yake da sauran magana, ƙofar Malam a buɗe take kafin a zuba kankare.

Muna godiya ga wanda ya ba da fili, da wanda ya ba da buhun siminti, da wadda ta ƙulle 'yan canjinta a bakin zane ta aiko, da samarin da suka yi alkawarin ɗibar yashi da ruwa. Allah ya san kowa da abin da ya bayar. Allah ya karɓa, ya sa a mizani. Allah ya tsare magina daga haɗari, ya ba su riƙon amana. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka yi burin wannan gini ba su ga ranarsa ba. Yadda ya nuna mana harsashi, Allah ya nuna mana ranar buɗewa, ya cika shi da masu salla har bayan ranmu. Amin.